Ramin Hayaƙin Lubaba

Kombolca,
Asabar, 9 ga watan Rajab.

Zuwa ga yayata, Etiye Toyiba, a Jidda.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa irin ta ƙane ga yayar da ta goye shi, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Gashe Yimam da yara da jikoki. Allah ya kawo miki sauƙin ciwon gwiwar nan, ya bar mana ke, ya karɓi addu'o'in da kike yi mana a kusa da ɗakinsa. Mu nan lafiya lau muke, sai godiya. Damina ta yi kyau bana, ƙanenmu Seyid ya girbe hatsinsa na tef a ƙauye har ya aiko mana da buhu guda, ko da yake rabinsa tsakuwa ce, kin dai san aikin Seyid. Idona na hagu yana nan yadda likita ya bar shi, bai ƙaru ba bai ragu ba. 'Yarmu Hikma ta yi arba'in a Adis Ababa, yaron yana ta ƙiba, an ce hancina ya ɗauko, Allah ya ba shi haƙuri.

Etiye, saƙon muryar da kika turo mini ya iso, na saurare shi sau uku a bayan gida. Kin ce Hikma ta gaya miki uwarta za ta tattara ta koma wurinta da zama, kin ce in ban gaya miki abin da na yi wa Lubaba ba kada in ƙara kiran ki yaya. Ban amsa ta waya ba don dalili biyu. Na farko, Lubaba tana jin motsin waya ko tana cikin niƙa. Na biyu, akwai maganar da bakina ba zai iya ɗauka ba, sai dai hannu. Shi ya sa na sayi takarda na zauna, kuma Zemzem 'yar maƙwabcinmu da za ta dawo wurin aikinta a nan garinku ita za ta miƙa miki. Ki karanta ke kaɗai. In za ki yi dariya ki yi, amma kada ki karanta wa Gashe Yimam, don ba zan iya haɗa ido da shi ba har abada.

Kin san shekarata talatin da uku da auren Lubaba, kin kuma san ashirin da tara daga ciki a kan babbar mota na yi su, tsakanin nan da Jibuti. Na taɓa zama na auna, sai na ga kwanan da na yi a gidana bai kai wanda na yi a ƙarƙashin mota ba. Amma ban taɓa jin aurena yana da wata matsala ba. In na taso daga tashar jirgin ruwa, ina isowa Bati sai in tsaya a bakin titi in sayi damin itacen weyba wurin matan da suke sayarwa, in ɗaure shi da igiya a bayan mota. In na kawo kwanar da ake hango unguwarmu sai in danna ƙaho, dogo biyu gajere ɗaya. Kafin in faka mota in tako gida, an buɗe ƙofa, an watsa ɗanyar ciyawa a ƙasa, gahawa tana kan wuta, ita kuma Lubaba tana tsaye fatarta tana sheƙi, ƙamshin hayaƙin nan ya kama jikinta da tufafinta har da matashin kai. In kwana biyu ko uku, in sake kama hanya. Ni a wautata na ɗauka haka Allah ya halicce ta da wannan ƙamshi.

Ba wai ban san ramin ba. Wane ɗan yankinmu na Wollo ne bai san mata suna haƙa ɗan rami a bayan madafa, su kunna weyba a ciki, su shafe kai da man shanu, su zauna a kai su lulluɓa da bargo hayaƙi ya ratsa su ba? Innarmu ta yi, ke ma kin yi. Ni ne ma mai kawo itacen. Abin da ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ba shi ne yaushe take yi, kuma don wa. Ban taɓa ganin ta a kan ramin ba ko sau ɗaya. Na ɗauka abu ne na masu jego da masu ciwon baya, ina sayen itacen ne kamar yadda nake sayen gishiri, don an ce in sayo.

To, bayan ƙaramar Sallar bara likita ya ce idona ba na tuƙi ba ne kuma, na miƙa makulli na dawo gida gaba ɗaya. Satin farko kamar biki. Sati na biyu na fara lura da abubuwa. Na lura ana ɓarnar gawayi. Na lura tukunyar miya ba a inda ya kamata take ba. Na lura Lubaba tana daɗewa a gidan maƙwabta. Mutumin da ya saba da tafiya in ka zaunar da shi, ido ne kawai yake yi masa aiki, kuma kin san ni da baki. Ranar da na gwada mata yadda ake zuba ƙullun wainarmu ta injera a kasko don kada gefe ya yi kauri, ta aje ludayi ta dube ni ta ce shekara talatin tana ciyar da ni ban mutu ba, in ina neman abin tuƙi in je in tuƙa akuyar Seyid. Wata rana kuma ta ce wai tsakanina da kujerar falo ba ta san wanda ya fi wani wahalar ɗagawa ba in za ta yi shara. Na yi dariya a lokacin, amma daga baya dariyar ta ƙare. Ta kwashe shimfiɗarta ta koma ɗakin da Hikma ta bari, ta ce munsharina ya fi injin motata ƙara. Muka koma ba mu da zance sai an kawo wuta, an ɗauke ruwa, wane ya rasu. Ba faɗa muke yi ba, Etiye. Da faɗa ne ma da na san inda zan kama.

Ana nan, ƙarshen damina, ƙanwar babanta ta rasu a Dese, ta tafi zaman makoki na kwana uku. Na ce bari in yi wani abin kirki kafin ta dawo, ta san akwai namiji a gida. Kullum tana kukan ɗaukewar ruwa, sai na yanke shawarar sayen tanki. Na zaga gidan ina neman inda zan kafa shi, ban ga wurin da ya dace ba sai bayan madafa, daidai kan ramin nan. Tun da na dawo gida ban ga an kunna shi ba. Ruwan sama ya taru a ciki, sauro ya yi gida, har ɗan tsako ya taɓa faɗawa. Na ce ai wannan ya gama aikinsa, mun tsufa, yara sun watse. Na cika shi da tsakuwa, na kwaɓa siminti da hannuna na shafe shi sumul, na ɗora tanki a kai. Har na tsaya daga nesa ina yaba wa kaina.

Da ta dawo ko mayafi ban bari ta cire ba, na ja ta bayan gida ina washe baki. Ta tsaya ta dubi tankin, ta dubi simintin, ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce sannu da aiki, Allah ya saka. Ta shiga ta dafa gahawa, ta zuba mini kofin farko, ta kwashe kayan ba tare da ta mayar da tulun gahawar kan wuta ba. Kin san a gidanmu ko baƙon da ba a so sai an yi masa zagaye uku. Na lura, amma na ce gajiyar makoki ce. Da Hikma ta haihu Lubaba ta je ta yi mata sati biyu ta dawo, kuma ba a jima ba na ji ta a waya tana ce mata ta gyara mata ƙaramin ɗakin nan, za ta zo ta riƙe yara, ba na wata ɗaya ba, ba na biyu ba. Da na tambaye ta yaushe za ta dawo, ta ce ai gida yana da mai lura da shi yanzu, ga ruwa a tanki, me kuma ake nema da ita. Aka sa rana, mijin Hikma zai zo da mota ranar wata Alhamis ya ɗauke ta.

Zan gaya miki gaskiya, ban taɓa jin tsoro irin wannan ba, ko ranar da birki ya tsinke mini a gangaren Bati. Na san in ta tafi ba saki ba ne, ba yaji ba ne, babu wanda zai ce an yi laifi, kuma shi ya sa babu wanda zai dawo mini da ita. Haka za mu ƙare, ita can ni nan, ana gaisawa ta waya ranar Salla. Sai na shiga dabaru irin na wanda bai san ciwon ba yake ta sayen magani. Na sayo mata sabuwar riga, ta ce ta gode, ta ninke ta sa a jakar tafiya. Na ce mu je bakin tafkin Hayik mu ci soyayyen kifi kamar yadda na ga matasa suna yi. Muka shiga ƙaramar bas, ni kuma tun daga tasha har muka sauka ina gyara wa direba tuƙi, ina gaya masa inda zai sauya giya. A bakin tafkin ma labarin titi na yi ta ba ta, inda aka gyara da inda ya lalace. Ta cinye kifinta tsaf, ta wanke hannu, ta ce wai da na sani da titin na gayyato, don da shi nake hira tun safe. Muka dawo kowa yana kallon tagarsa.

Saura kwana shida tafiyar, ta ce in sauko mata da babbar jaka daga kan kabad in kai falo. Na ɗaga na ji nauyi da wani abu mai tauri yana sukar ƙafata. Na buɗe, sai ga damin weyba a naɗe cikin tsohon zane, ɗaure da shuɗiyar igiyar motata, ƙullin ma nawa ne. Damin da na kawo a tafiyata ta ƙarshe ne, ko sanda ɗaya ba a zare ba. Na ce mata me za ta yi da itace a gidan bene mai tayil, inda ko gawayi ba a kunnawa. Ta ce babu abin da za ta yi da shi, amma ba za ta bar mini shi in dafa shayi ba. Ta karɓe ta mayar ta ja zif.

Na fita na rasa inda zan nufa, sai na faɗa gidan Emama Aregash, tsohuwar nan da katangarmu take haɗe da tata, wadda take aiko mana da burodi ranar bikinsu na Kiristoci mu aika mata da nama ranar layya. Tana tsintar wake a ƙofar ɗaki. Ban gama bayani ba ta ce dama tana jira ta ga ranar da zan zo, don tun ranar da ta ji ƙarar shebur a bayan katanga ta ce wa jikarta yau Endiris yana binne kansa da kansa. Ta kira ni babban direba mai ganin rami a titi tun daga nesa amma bai san na gidansa ba. Ta ce shekara ashirin da tara, ita ba ta taɓa buƙatar a gaya mata ina hanya ba, hayaƙi ne yake tsallako katanga ya gaya mata. Ta ce Lubaba ba ta taɓa kunna ramin nan don ciwon baya ba, ba ta taɓa kunna shi don biki ba, sai ranar da take sa ran jin ƙahona. Ta tuna mini shekarar da mota ta lalace mini a Mille na yi kwana tara ina jiran kayan gyara, lokacin babu waya. Ta ce kullum da hantsi sai Lubaba ta kunna, ta zauna, ta yi kwalliya, ta jira har magariba, washegari ta sake, har itacenta ya ƙare ta zo ta ɗebi na tsohuwar. Ni kuwa da na iso a rana ta goma, abin da na fara tambaya shi ne ko akwai abinci.

Na ce to me ya sa ta daina tun da na dawo, ai ga ni a gida kullum. Emama Aregash ta ce kai, Allah ya sawwaƙe wa maza, ai amsar ke nan na faɗa da bakina. Wa yake shirin tarbar mutumin da yake zaune a kansa yana ƙirga masa gawayi? Ta ce matar nan ta ajiye damin ƙarshe tana jiran ranar da zan je wani wuri in dawo, ko da kwana ɗaya ne, ni kuma ko masallaci na je sai in dawo kafin a shafa addu'a. Sannan ita ta yi tafiyar kwana uku, karo na farko da ni ne mai jira, na tarbe ta da siminti. Ta ce in tashi in ba ta wuri, wakenta ya fi ni hankali. Rashin sani ya fi dare duhu, Etiye, na fito daga gidan nan ina jin kunyar katangar kanta.

Washegari da sassafe na zubar da ruwan tankin a lambu, na mirgina shi gefe, na ɗauko guduma. Simintin da na yi alfahari da ƙarfinsa sai da ya ci mini yini guda da fatar tafin hannu. Na kwashe tsakuwar, na gyara bakin ramin da laka yadda yake a da. Lubaba tana ta harkokinta kamar ba ta ji, sai da la'asar ta zo ta tsaya a kaina. Ta ce yanzu kuma ga shi babu tanki babu siminti, wai ni kowane aiki sai na yi shi sau biyu. Na ce mata na je wurin Emama Aregash. Sannan ta faɗi maganar da ba ta taɓa faɗa mini ba. Ta ce ita ba ramin ne ya dame ta ba, rami ko kaza tana haƙawa. Ta ce shekarun nan duka jiran yana cin ta, ta yi goyo ita kaɗai, ta yi jinya ita kaɗai, ta binne ɗanmu na biyu ina Jibuti, amma tana da rana guda a kowace tafiya da take jin ita mace ce ba mai gadin gida ba, ranar da zan shigo in tsaya a bakin ƙofa in dube ta kafin in dubi komai. Ta ce tun da na dawo na dubi gawayi, na dubi tukunya, na dubi rufin da yake yoyo, ita ce kawai ban duba ba. Ta ce gara ta je inda jarirai za su yi kuka in ta fita.

Ina tsugune a bakin rami, hannu duk laka, na ji hawaye yana zubo mini, har da idon da likita ya ce ya bushe. Ina son matar nan. Na rubuta miki shi a fili don ban iya faɗa mata a ranar ba. Ita kuma ba ta jira ba, ta juya ta shiga ɗaki, jakarta tana nan a falo inda na ajiye ta.

Ranar Lahadi na saka tsohuwar rigata ta hanya, na ce mata zan tafi Bati cin kasuwar Litinin, zan dawo Talata da la'asar. Kin san Bati tafiyar awa ɗaya ce, mutum yana iya zuwa ya dawo bai rasa azahar ba. Ita ma ta sani. Ta dube ni ta ce Allah ya kiyaye hanya, ba ta ƙara ko wasali ba. Na sauka wurin wani tsohon abokin tuƙina, na kwana biyu a kan tabarma ina juyi, ina tunanin wataƙila in koma in tarar ta ƙara ɗaure wata jakar. Ranar kasuwa na nemi matar da na saba sayen itace a wurinta. Tana ganina ta tafa hannu ta ce ashe ina raye. Ta ce su a sana'arsu in namiji ya daina tsayawa, ɗayan biyu ne, ko ya mutu ko matar ta mutu, har ta yi wa Lubaba addu'a. Na ce duk muna raye. Ta ce to in haka ne na fi waɗancan laifi. Na sayi dami biyu ban yi ciniki ba.

Ranar Talata haƙuri ya gagare ni, na shiga bas tun kafin azahar. Da muka kusa kwanar unguwarmu na dafa kafaɗar direban na ce ya taimaka ya danna mini ƙaho, dogo biyu gajere ɗaya. Ya dube ni ta madubi ya ce Baba amarya aka yi ne ba a gayyace mu ba. Na ce ya danna kawai, amaryar ta girmi uwarsa. Motar duka aka kwashe da dariya, ya danna, har ya ƙara na gyara. Ƙahon ƙaramar bas ba ya kai na babbar mota, ban ma san ko an ji ba. Na sauka na saɓa itace a kafaɗa. Ina shan kwanar gidan Emama Aregash na ɗaga kai, sai na ga hayaƙi siriri yana tashi daga bayan madafarmu.

Na tura ƙofa na zagaya baya, abin da ban taɓa yi ba. Ga ta zaune a kan ramin, a lulluɓe da baƙin bargo har wuya, kai ya sha man shanu yana naso, fuska duk gumi, ido ya yi ja don hayaƙi. A gefe ga shuɗiyar igiyata a kwance, an kwance damin. Shekara talatin da uku ban taɓa ganin wahalar da take sha kafin in ga ƙyallin ba. Tana ganina ta ƙwalla ƙara ta ce la'asar na ce, wane irin mutum ne ni da ba a taɓa samun sa a kan lokaci, da can in makara yanzu kuma in yi sammako. Ta ce in fita, in fita maza, ba a shigowa a haka, in je in dawo yadda mutane suke dawowa. Na aje itacen na fita. Na zauna a dakalin Emama Aregash awa biyu cur, tsohuwa tana leƙowa tana tambayata ko an kore ni ne ta shimfiɗa mini buhu. Da aka kira la'asar na yi salla, na zo ƙofar gidana na yi sallama kamar baƙo. Aka buɗe. An watsa ciyawa, gahawa tana kan wuta, tana sanye da rigar nan da na saya wadda ta shiga jaka. Na tsaya a bakin ƙofa na dube ta, ban dubi komai ba sai ita, har ta ce in shigo mana kada ƙudaje su cika ɗaki. Gahawa sai da muka sha zagaye uku. Sauran kuma ba na takarda ba ne, ke yayata ce.

Ranar Alhamis mijin Hikma ya zo da motarsa, ya koma da rabin buhun tef da ƙwaryar man shanu da yaji. Lubaba ta ce masa ya gaya wa matarsa ta nemi mai reno, ita za ta zo bayan Salla ta yi musu sati biyu, don akwai wani tsohon yaro a nan da in aka bar shi shi kaɗai zai shafe gidan duka da siminti. Ba zan ce miki komai ya gyaru ba. Harshe da haƙori ma suna saɓawa. Har yanzu bakina yana suɓucewa a kan gawayi, kuma wasu ranakun tana komawa ɗakin Hikma, don munsharin ba ƙage ba ne. Tankin yana nan a tsakar gida kowa yana tuntuɓe da shi, na rasa inda zan kai shi. Amma jakar ta koma kan kabad babu komai a ciki.

Yanzu ga roƙona. In ta tafi bayan Salla, ni ne zan zama mai jira, kuma ban san yadda ake yi ba. Rami dai ba na maza ba ne. Ki taimaka ki ba Zemzem ko wani mai zuwa ƙaramar kwalbar turare irin wanda Baba yake shafawa ranar Juma'a, kuma ki rubuto mini abin da ya kamata mutum ya tanada ranar da matarsa za ta dawo. Ki rubuta dalla-dalla, kin ga abin da ya faru da na yi da ra'ayina. Kada ki gaya wa Hikma.

Ki gaishe mini da Gashe Yimam da kyau, da Nuriya da mijinta, da Abdu da Ekram, da jikoki kowa da sunansa. Seyid da iyalinsa suna gaishe ki. Emama Aregash ta ce a gaya miki tana nan ba ta mutu ba, kuma har yanzu tana jiran dabinon da kika yi mata alkawari. Lubaba tana gaishe ki ƙwarai. Ta shigo yanzu ta ga ina rubutu, ta ce in dai ke ce in gaya miki ƙanenki bai iya sayayya ba, itacen da na kawo ɗanye ne, an cuce ni, ba zai kama wuta ba sai an shekara. Na duba shi da kaina, Etiye, a bushe yake ƙarau. Ta ce dole in koma Bati ranar Litinin in canjo, kuma wannan karon in na ce la'asar, to ya zama la'asar.

Wassalam. Ni ne ƙanenki mai jin maganarki ko da a makare,

Endiris Yimer.